Giyar Asibiti

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da wata Laraba da na tsaya gaban mutum wajen saba'in a Zuru na sanar da su cewa na gano abin da duniya ba ta sani ba. Har sabon takalmi na sa. Yau shekara uku ke nan, amma in na shiga kemis na ji warin sipirit sai kunnuwana su ɗau zafi.

Bari in faro daga farko. Ni 'yar Kaduna ce, karatu ne ya kai ni Zuru, kuma duk shekarun da na yi a garin ban bar kowa ya manta daga ina na zo ba (Allah ya yafe mini, har mai babur sai na gaya masa a Kaduna ba haka ake shan kwana ba). A shekarar ƙarshe aka raba mana furojet. Wasu suka samu kaji, wasu ciyawa, ƙawata Rifkatu 'yar Mahuta ta samu kashin awaki. Ni kuma aka haɗa ni da ɓeraye da giya.

Malamin da ke duba aikina likitan dabbobi ne, Dakta kawai muke ce masa. A tsaye ya yi mini bayani, yana laluben makullin motarsa. Ya ce a ce mutum biyu sun sha giya daidai wa daida. Ɗaya ya isa gida lafiya, ɗaya ya faɗi da babur a hanyar Kanya ya ji ciwo. In aka auna jininsu bayan awa ɗaya, giyar da za a samu iri ɗaya ce? Ko raunin yana sa ta daɗe a jiki, ko yana sa ta saurin fita? Tunda ba za a tara mutane a ɗura musu giya a ji musu ciwo ba, sai a gwada a ɓera. Shi ke nan aikin. Ya samu makullinsa ya tafi.

Aka kawo mana fararen ɓeraye masu jan ido a bayan ƙaramar bas, ashirin da huɗu, muka raba su keji huɗu. Keji na ɗaya lafiyarsu ƙalau kuma ba a ba su komai. Na biyu lafiyarsu ƙalau amma ana ba su giya. Na uku suna da rauni, ba a ba su giya. Na huɗu ga rauni ga giya. Ku riƙe keji na uku a ranku, can na mutu.

Raunin ba wani abin tashin hankali ba ne. Dakta da kansa yake yi: allurar barci, 'yar tsaga a cinya, ɗinki biyu. Giyar kuma ba burkutu ba ce, kada wani ya ɗauka kasuwa nake zuwa da galan. Itanol ne, wato ainihin sinadarin da ke sa maye a kowace irin giya, a wata ƙatuwar kwalba da ake kullewa a kabad. Ana auna nauyin ɓera, a auna masa rabonsa, a ba shi ta baki da sirinji. Aikina ni shi ne in ɗibi ɗigon jini a wutsiya, in sa a ƙaramar kwalba, na'ura ta gaya mini yawan giyar da ke ciki.

Mai kula da lab ɗin wani dattijo ne, Baba Bitrus, ɗan garin. Tsohon soja ne, ya daɗe yana aiki a asibitin bariki kafin ya yi ritaya. Wandonsa kullum da kari kamar za a yi fareti. Bai taɓa kiran sunana ba, "Kaduna" yake ce mini. Ɓera kuma "kusu" yake cewa, kamar yadda ake faɗa a can. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "kai" ne. Wannan abin yana ba ni dariya sosai. Ku riƙe wannan ma.

Ranar farko na kafa sharaɗi.

"Baba, ni fa a gidanmu ko kwalbar giya ba a taɓawa. Gaskiya ba zan iya ba su ba."

Ya dube ni, ya dubi kabad. "To Kaduna. Ni zan ba su. Kai ka ɗibi jini."

Haka muka yi. In ya buɗe kwalbar nan sai in ja da baya har bakin ƙofa, safar hannu biyu-biyu, na toshe hanci da gefen mayafi. Har Rifkatu ban ƙyale ba. Gwaggonta tana dafa burkutu a Mahuta, ita ta biya mata rabin karatu da shi, ni kuma na bi na ishe ta da "wallahi ban san yadda kuke jure warin nan ba." Sai ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya," ta ci gaba da auna kashin awakinta.

Baba ya koya mini ɗibar jini sau ɗaya, a tsanake. A tsoma wutsiyar a ruwan ɗumi don jijiya ta taso, a tsane da busasshiyar auduga, a ɗan tsikara, a tari ɗigon. Ruwan ɗumi, busasshiyar auduga. Ko yaron firamare zai riƙe.

Inda abin ya lalace shi ne tausayi. Na keji na uku da na huɗu in na gan su sun takure a lungu da ɗinkinsu sai raina ya sosu. Har sunaye na sa musu (akwai Alhaji, akwai Sisi, akwai wani mai faɗa da na sa wa sunan wani saurayina na dā). Kuma ni a gidan da na tashi, sipirit shi ne maganin komai. Ka yanke, sipirit. Ƙurji, sipirit. Hudar kunne, askin ƙannena, cizon sauro, duk sipirit. Ummana ba ta taɓa bari na dawo makaranta ba tare da ta cusa mini kwalba ɗaya a jaka ba, tsakanin yaji da man shanu. To sai na ɗauko tawa daga hostel. Kafin in ɗibi jinin masu rauni sai in jiƙa auduga sharkaf in goge gefen ɗinkin, kuma tunda audugar tana hannuna sai in bi wutsiyar ma tun daga sama har ƙasa. Ba na ko jira ta bushe, nan take nake tsikarawa in tari jinin. Masu lafiya kuwa ruwan ɗumi kawai, me zai same su?

Rana ta biyu Baba ya gan ni.

"Kaduna, kada ka sa wannan. Giyan asibiti ne."

Na kwashe da dariya. Wallahi na ɗauka barkwancin tsofaffin sojoji ne. A zuciyata kuma ina can ina yi masa gyara: ba "ka" ba "ki", ba "giyan" ba "giyar". Na ce, "To Baba." Da ya juya na rubuta a sitatus: Baban lab ɗinmu ya ce sipirit giyan asibiti ne, na jera fuskokin dariya biyar. Mutum goma sha suka tura mini dariya su ma. Ko ɗaya babu wanda ya ce mini ke, gaskiya ya faɗa.

Ku gane, ba wai ban yi kimiyya ba ne. Na yi, har na ci. Amma a kaina abubuwan nan ɗaki daban-daban suke kwana. Giya abin ƙyama ce da ke cikin kabad a kulle. Sipirit kuwa abin Umma ne, yana kan madubi kusa da man zafi. Ban taɓa haɗa su a tunani ɗaya ba.

Ya sake faɗa mini kwana biyu bayan nan. Na ce to. Ya faɗa na uku, wannan karon har ya ɗauke kwalbar ya ɗora a kan taga. Sai na ga tsohon nan zai dame ni, na koma ɓoye ta a jaka, ina jira ya fita ɗebo musu abinci ko ya tafi wanke keji, in yi gogata cikin kwanciyar hankali.

Sakamako ya fara fitowa. Keji na ɗaya babu komai, daidai. Na biyu giya ta hau ta sauka, daidai. Na huɗu ta fi ta na biyu yawa nesa ba kusa ba, na ce yauwa, aiki yana kyau. Sai keji na uku. Ɓeraye shida da ba su taɓa ɗanɗana ko ɗigo ba, na'ura ta ce dukkansu a buge suke.

Kun san abin da na fara yi? Baba na tuhuma.

"Baba, ka tabbata ba ka rikice ka ba na uku ba?"

Ya ajiye tsintsiyar hannunsa. "Kaduna, na raba magani ma sojoji ɗaki guda, ban taɓa ba wani na wani ba. Kusu ashirin da huɗu ne zai rikita ni?" Sannan ya ce, "Wancan abu, ka daina sa shi?"

"Tuni ma."

(Ban ma ji na yi ƙarya ba. A ganina tambayar ba ta da alaƙa da maganar da muke yi.)

Dakta a lokacin yana Sakkwato, mahaifinsa ba lafiya. Na ɗauki hoton sakamakon na tura masa. Ya amsa da layi biyu: ki sake aunawa, kuma kada ki sa wannan a takarda sai na dawo na gani. Na sake aunawa. Kuma don kada a ce datti ne ya shiga jinin, wannan karon na ninka tsafta. Na zuba sipirit har yana ɗiga daga wutsiyar Alhaji. Sakamako ya fito ya fi na farko.

Nan fa kaina ya kumbura. Na zauna na yi tunani mai zurfi irin na manyan masana, na cim ma matsaya: in jiki ya ji rauni, da kansa yake haɗa giya don ya rage wa kansa zafi. Ku duba yadda maganar ta zauna. Har yau in na faɗe ta sai in ji kamar gaskiya ce.

Na kira Abba na gaya masa. Ban san me ya fahimta ba, amma kafin Juma'a duk layin shagonsa sun san 'yarsa ta gano wani abu da Turawa ba su gano ba. Umma ta koma kirana Farfesa. Rifkatu kaɗai ta ɓata fuska.

"Ke, ki nuna wa Baba takardar nan kafin ki kai ta ko'ina."

"Baba kuma? Baba aikinsa wanke keji."

"To Hajiya Farfesa. Ni dai kashin awakina bai taɓa ba ni mamaki ba, kuma na gode Allah."

Abin da ke gabana a fili yake. Wanda ya tsallake difens, wato ranar da ake kare furojet gaban malamai, sunansa zai shiga jerin masu tafiya bautar ƙasa tare da 'yan ajinmu. Wanda aka mayar da aikinsa kuwa zai zauna ya ga ƙurar motarsu. Ni ban ma sa kaina a lissafin masu zama ba. Tunanina wace riga zan sa in 'yan jarida suka zo. Maganar Dakta ta kada in sa a takarda kuwa, ba sawa kawai na yi ba, ita na mayar kan aikin gaba ɗaya, da manyan baƙaƙe.

Ranar Laraba ta zo da yayyafi. Dakta daga mota ya wuce zauren difens kai tsaye, ko gida bai je ba, bai ga abin da na shirya ba. Baƙon malamin da aka gayyato ya yi mana alƙalanci wani tsohon farfesa ne, ɗan ƙaramin mutum mai sanyin murya, hularsa ta ɗan yi masa yawa. Na raina shi tun daga hular.

Na hau na yi bayani da Turancin Kaduna, ina taku da sabon takalmi. Da na iso keji na uku na ɗan dakata don maganar ta shiga mutane, kamar yadda na gwada a gaban madubi. Na hango Dakta ya cire tabarau ya sake mayarwa. Na ɗauka alfahari ne.

Na gama, aka tafa. Farfesa ya jawo makirfo, ya ajiye Turanci gefe, ya koma Sakkwatancinsa.

"Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Waɗanga na keji na uku, kin ce ba su sha komi ba?"

"Ko ɗigo, ranka ya daɗe."

"Kuma kinka iske giya ga jininsu."

"Har sau biyu, ranka ya daɗe. Na biyun ma ya fi yawa."

"Madalla. To gwada muna yadda kike ɗibar jinin nan. Tun daga farko, kamar ba mu san komi ba."

Na ji daɗin tambayar. Na ce ga dama ta samu in nuna ni ba irin ɗaliban nan ba ce masu aikin ƙazanta. Na ɗaga hannu ina kwatantawa. Na ce masu lafiya ruwan ɗumi ya ishe su, amma masu rauni, saboda kada ƙwayar cuta ta shiga, sai na jiƙa auduga da sipirit sosai, in goge ɗinkin, in goge wutsiyar, sannan in tsikara nan take.

Dakta ya kifa kansa a kan tebur.

Wasu malamai biyu suka kalli juna. Ni har lokacin murmushi nake.

"Sipirit ɗin, ko akwai shi nan kusa?" in ji Farfesa.

Jama'a, ba aikawa aka yi aka ɗauko ba. Ni da kaina na sauka, na buɗe jakata, na zaro kwalbar Umma, na ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Yauwa. Karanta muna abin da anka rubuta ga jikinta. Ba manyan ba, ƙananan na ƙasa."

Shekara ashirin da biyu ina ganin kwalbar nan, ban taɓa karanta ƙananan ba. Na matso da makirfo bakina, na ƙanƙance ido, na karanta da ƙarfi: "I, ta, nol."

Ban rufe baki ba na gane. Kalmar da ke jikin ƙatuwar kwalbar kabad ce, harafi da harafi. Duk ɗigon jinin da na tara daga keji na uku da na huɗu, da ɗigon kwalbar Umma yake gangarowa. Daga can baya wani ɗan ajinmu ya ce, "Ashe keji na uku wanka suke da ita!" Zauren ya tarwatse. Har masu ɗaukar hoto. Na tsaya da kwalba a hannu ɗaya, makirfo a ɗaya, na rasa wanne zan fara ajiyewa.

Da a nan aka tsaya da na ce alhamdu lillahi. Farfesa ya jira dariya ta lafa ya ce, "Duk lab ɗin nan ba wanda ya hana ki?"

Na kalli sabon takalmina. Ya waiga bakin ƙofa inda Baba Bitrus yake jingine da laimarsa a hannu. Baba ya ƙame kamar an kira shi gaban kwamanda.

"Na gaya masa, sa. Sau uku."

"Mi kac ce mata?"

"Na ce giyan asibiti ne."

"To," in ji Farfesa, yana rufe takardata a hankali, "tun safe nike zaune nan, ban ji bayanin da ya kai wanga daidai ba."

Baba bai koma ya jingina ba. Ya ce, "Sa, yaro ne. Tausayin kusu ya ji. Hannunsa yana da kyau wajen jini, ban taɓa ganin ya wahalar da ko ɗaya ba. A ba shi ya sake."

Wannan ce ta sa ni kuka, ba dariyar ba. Mutumin da na ce aikinsa wanke keji.

Ba a kayar da ni ba, amma an mayar da aikin. Sabbin ɓeraye, daga farko. Da na fito Rifkatu tana jirana a baranda da ruwan leda. Ta bari na shanye tas sannan ta ce, "Hajiya, wata biyu kina shafa ta har gwiwar hannu. Har fuskar wayarki da ita kike gogewa. Gwaggona ma ba ta kai ki ba, ita a tukunya take barin tata."

Da yamma na kira Umma.

"Umma, kin san sipirit giya ce?"

"A'uzubillahi. Wa ya gaya miki?"

"A jikin kwalbar aka rubuta."

Na ji tafiyarta zuwa wajen madubi, na ji ta ce wa ƙanwata ta kawo mata tabarau. Can ta ce, "To ai mu ba sha muke ba." Abba kuwa da mutanen layin shago suka tambaye shi labarin abin da na gano, cewa ya yi ana nan ana kan bincike. Har yau a kan binciken ake.

'Yan ajinmu suka kwashe kayansu suka watse. Na zauna a Zuru damina tana zuba, duwatsun nan sun yi kore shar, hostel ba kowa sai ni da 'yan shekarar farko. Ranar da sabbin ɓeraye suka iso na durƙusa har ƙasa na ba Baba haƙuri, har da maganar wanke keji da bai ma san na yi ba. Ya saurara har na gama. Sai ya buɗe kabad, ya miƙo mini sirinji.

"Yanzu kai za ka ba su da kanka, tunda kun saba."

Na karɓa. Safar hannu ɗaya, ba toshe hanci.

Sakamako na biyu ba shi da armashi ko kaɗan. Keji na uku babu ko alamar giya, kamar yadda duk mai hankali zai zata. Tsakanin na biyu da na huɗu akwai ɗan bambanci, amma Dakta ya ce da ɓera shida-shida ba wanda zai rantse a kansa, kuma haka zan rubuta. Haka na rubuta: mun ga alama, ba mu tabbatar ba, a ƙara gwadawa da ɓeraye masu yawa. Dakta ya ce wannan shi ne layi na farko na kimiyya da na rubuta tun zuwana makarantar. Na ci, ba yabo ba fallasa. Bautar ƙasa kuwa sai bayan wata huɗu da tafiyar 'yan ajinmu na bi su, lokacin har sun gaji da sa hotunan kaki. A shafin godiya sunan Baba ne a sama, kafin na Dakta, kuma Dakta da kansa ya ce haka ya dace.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Yanzu ko man goge baki na saya sai na karanta ƙananan rubutun. Kuma in mutum yana gaya mini magana, ina bari in ji me ya ce kafin in fara gyara masa Hausa.

Baba yana kirana duk Kirsimeti, ni kuma ina kiransa da Sallah. Ba ya gaisuwa da farko. Da na ɗaga sai in ji, "Kaduna, wancan abu, ka daina?"

"Na daina, Baba."

"Haka ka ce wancan karon."